Zaɓen 2015 da Darasin da Ya Bar wa Daura

 

Mas'alar da za mu nazarta a yau ita ce zaɓen shugaban ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2015, wanda a cikinsa Allah ya ba ɗan wannan gari na Daura, marigayi Muhammadu Buhari na jam'iyyar APC, rinjaye a kan shugaba mai ci a lokacin, Goodluck Jonathan na PDP. Buhari ya sami ƙuri'u 15,424,921, Jonathan kuwa 12,853,162, kuma wannan ne karo na farko a tarihin Nijeriya da ɗan adawa ya kayar da shugaban da ke bisa karaga ta hanyar akwatin zaɓe.

To amma wanda ya tsaya ga alƙaluma kaɗai, bai fahimci hikimar al'amarin ba. Sau uku Buhari ya nemi wannan kujera bai samu ba: a 2003 gaban Olusegun Obasanjo, a 2007 gaban Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan'uwansa na Jihar Katsina, a 2011 gaban Jonathan; kuma a kowane karo, ko da yake magoya bayansa na ganin an yi musu zalunci, ƙarar ta je har Kotun Ƙoli, ya kuma sake shiri. A 2013, da jam'iyyun CPC da ACN da ANPP suka narke suka zama APC, sai Arewa da Kudu maso Yamma suka haɗa hannu, daga baya aka tsayar da Yemi Osinbajo mataimakin Buhari a takarar.

Lalle ba mu manta da fitinar da ta biyo bayan zaɓen 2011 ba, wadda ta ci ɗaruruwan rayuka a garuruwan Arewa. Saboda haka ne, da hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗage zaɓen daga 14 ga Fabrairu bisa dalilin yaƙin Boko Haram, zukata suka cika da fargaba. Ga shi kuma an zo da na'urar tantance katin zaɓe, wadda mutum zai ɗora yatsansa a kai kafin a miƙa masa takardar ƙuri'a, domin a toshe ƙofar maguɗi. A nan Ƙofar Baru, a mazaɓar Sarkin Yara, Buhari ya jefa tasa ƙuri'ar kamar kowane talaka.

Sai dai mafificin abin da ya auku shi ne na ranar 31 ga Maris, yayin da Jonathan, tun kafin a kammala bayyana sakamako, ya ɗauki waya ya kira abokin takararsa ya taya shi murna. Da wannan kira ɗaya ya kashe wutar da ake tsoron tashinta, ya kuma cika alkawarin zaman lafiya da su biyun suka sa wa hannu a Abuja. Malamanmu sun karantar da mu cewa mulki amana ce, Allah ke ba da shi, Shi ke karɓewa. Wanda ya yi haƙuri shekara 12 da wanda ya sallama ba tare da jayayya ba, dukansu biyu sun cancanci yabo.

Don haka, ya ku matasan Daura, ku mallaki katin zaɓe, ku zaɓi mai amana, idan kun faɗi ku nufi kotu, kada ku ɗauki makami. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.