Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Zaɓen Keken Tsere Ga Wanda Ya Faɗa Tsakanin Lamba Biyu



Dukkanmu mun san al'adar iyayenmu in za a ɗinka wa yaro rigar salla. Akan ce wa tela ya sake ta, domin yaro zai girma a cikinta. Hikima ce, gama babbar riga ana iya rage ta, ƙarama kuwa sai kyauta. To, da wannan tunani na shiga kasuwar kekunan gwanjo bara, da kuɗin da na yi watanni ina tarawa. Na tarar da keken tsere guda biyu, lamba 54 da lamba 56, ko wanne kuwa na hau sai in ji kamar ya yi mini. Mai kayan ya ce in ɗauki babban, ai zan saba. Ban saba ba. Ko sa'a guda ban cika yi a kansa ba sai wuya ya riƙe, ƙugu ya ɗauki ciwo, yatsu su yi sanyi. Daga bisani na sayar da shi da hasara. Abin da na koya shi ne, sha'anin keke ya saɓa wa na riga: ƙarami ana iya buɗa shi, babba kuwa da wuya ya ragu.

Da farko, mene ne wannan lamba? Asalinta tsawon ƙarfen nan ne na firam da ya tashi daga cibiyar feda zuwa inda sandar sirdi take shiga, da awon santimita. Hanyar gano taka ita ce ka tsaya ba takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka kamar sirdi, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin. Akwai lissafin da ya shahara ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Ka ninka awon ƙafarka da 0.65, ka sami lambar firam. Ka ninka shi da 0.883, ka sami nisan sirdi daga cibiyar feda. Mai ƙafa santimita 85, irina, firam ɗinsa 55 ne da ɗan ɗoriya, sirdinsa kuma 75. Masu ƙira kuwa galibi 54 suke yi, sai 56. Kun ga inda gizo yake saƙa.

Har ila yau, lambar kanta ba abin dogara ba ce a yau. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Giant na Taiwan ya fito da firam mai ƙarfen sama a karkace, ƙirar Mike Burrows, mutumin Ingila, wasu kuma suka bi sahu. Tun daga nan 54 ta wannan kamfani ba lalle ta zo daidai da 54 ta wancan ba. Saboda haka awo biyu ya kamata mai saye ya kula da su, dukkansu daga cibiyar feda zuwa saman goshin firam, inda wuyan keke yake zama. Na farko miƙa, watau nisan da ke tsakaninsu a kwance. Na biyu tashi, watau tazararsu a tsaye. Tsakanin lamba biyu maƙwabta, bambancin miƙa sau da yawa bai wuce santimita 1 ba ko ɗan fiye, na tashi kuwa yakan kai kusan 2.

Dalilin da ya sa ƙarami ya fi karɓar gyara shi ne, sandar sirdi ana jawo ta sama, muddin ba a wuce layin gargaɗin da ke jikinta ba. Wuyan keke, wato ƙarfen da ya riƙe kan, ana sayar da shi tsawo-tsawo, ana ƙara santimita 1 kowane mataki, galibi daga 8 zuwa 13. Mai ƙaramin firam sai ya sa dogon wuya, shi ke nan. Amma mai babba dole ya gajarta wuya, in kuwa ya gajarta ƙwarai sai kan ya riƙa rawa, keke ya yi saurin karkata. Sa'an nan in ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka ƙarfen sama ya tokare ka, babu bakaniken da zai iya rage shi. Ya kamata a sami rata ta kamar yatsa biyu.

Amma kada wani ya fita nan ya ce na ce ƙarami ko da yaushe. Ƙaramin firam kansa a ƙasa yake, zobban da ake jerawa ƙarƙashin wuya don ɗaga shi kuma suna da iyaka, wajen santimita 3 zuwa 4. Saboda haka mai dogayen ƙafafu da gajeren gangar jiki zai ɗaga sirdi sama ƙwarai, ya bar kan can ƙasa, ya wuni a sunkuye. Irin wannan, da wanda bayansa ba ya lanƙwasuwa, da ma'aikacin da zai je ofis ne ba tsere ba, babban na iya fi musu, da wuya ɗan madaidaici. Ga kuma wani gwaji: ka buɗe hannuwanka a auna daga yatsa zuwa yatsa. In awon ya fi tsayinka, ka karkata ga babba. In ya gaza, ga ƙarami.

A ƙarshe, 'yan'uwa, gani ya kori ji. Ku tafi kasuwa da tef ɗin tela a aljihu. Ku sa a daidaita sirdi bisa lissafinku a kan kekunan biyu kafin ku hau. Ku duba ko gwiwar hannu tana da ɗan lanƙwasa, kafaɗa a sake, yatsu suna kai wa birki ba da miƙa ba. Kada kyan fenti ko sauƙin farashi ya ruɗe ku, gama mai kaya gobe ya manta da ku, ciwon baya kuwa ku zai bi gida.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanya, amin.