Shimfiɗa ko Adaka: Jawabi a Kan Fuskar Manhajojin Ofis



Batun da aka ɗora mana yau, wani zai ga kamar bai kai a tara jama'a a kansa ba, watau yadda ake jera maɓallan umarni a saman fuskar kwamfuta. Amma wanda ya taɓa tsayawa a shagon buga takardu na bakin Ƙofar Nassarawa, yana jiran a buga masa takardar neman aiki alhali gobe ake rufe karɓa, ya san saurin hannun mai bugawa ba abin wasa ba ne. Saurin nan kuwa rabinsa ya dogara ne ga sanin inda kowane umarni yake zaune.

Tsohon tsari, wanda ya kai ƙarshensa a Office 2003 na kamfanin Microsoft, muna iya kiransa tsarin adaka. A manhajar Word akwai kalmomi 9 a jere a sama, daga File har zuwa Help, kowace kalma kamar murfin adaka ce, sai an buɗe ta a ga abin da ke ciki, wani lokaci ma a tarar da ƙaramin akwati cikin babba. A ƙarƙashinsu kuma ga siraran layuka na ƙananan hotuna domin ayyukan yau da kullum. Tsarin ya yi aiki lafiya muddin kayan ba su da yawa. To, amma kayan sun yi ta ƙaruwa. Waɗanda suka jagoranci sake fasalin sun bayyana cewa Word na farko yana da umarni kamar 100, na 2003 kuwa ya haura 1,500, da layukan kayan aiki har 31. Har ta kai mutane suna rubuta wa kamfanin suna roƙon a ƙara musu abin da tuni yana ciki, ba su dai gano shi ba. An gwada magani a Office 2000, inda manhaja take ɓoye umarnin da mutum bai cika taɓawa ba, sai maganin ya fi cutar ciwo, domin abin da ka bari jiya a nan, yau ka zo ya ɓace.

A Office 2007 sai aka rushe adakar gaba ɗaya, aka kawo abin da suka kira Ribbon, mu kuwa za mu ce masa shimfiɗa. Faffaɗan layi ne guda, an raba shi rumfa rumfa, guda 7 a Word, kowace rumfa an baza kayanta a fili, na yawan amfani an yi musu manyan hotuna. Ba da ka aka yi rabon ba. Kamfanin ya tattara bayanin yadda mutane suke aiki, ya ga umarnin liƙa abin da aka kwafo shi ne aka fi dannawa, shi ya sa ya zama na farko kuma mafi girma a hagu.

Mu mutanen birni ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a kan wannan ƙa'ida take: 'yan turare da layinsu, masu littattafai da nasu, masu kayan doki da nasu, kowa ya baza hajarsa inda ido zai gani. Baƙon da ya shigo neman tasbaha yana iya fita da linzami, domin ya gan shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu shimfiɗa, kuma mun yarda da ita. Ɗalibin da yake rubuta kundin kammala karatu, a tsohon tsari da wuya ya san manhaja tana iya haɗa masa jerin abubuwan da ke ciki da kanta. A sabon tsari kuwa rumfar References tana kallonsa kullum, ko bai so ba wata rana sai ya leƙa.

Sai dai akwai wanda aka manta da shi a lissafin, shi ne gwani. Akawun da ya shekara goma yana buga wasiƙun ofis ba da ido yake aiki ba, hannunsa ne ya haddace hanya, kamar ɗan Jakara da yake ratsa lunguna cikin duhu bai yi tuntuɓe ba. An wayi gari an sauya masa lungunan duka, kuma a 2007 ba a bar masa ƙofar komawa tsohon tsari ba, ba a kuma yardar masa ya gyara sabon yadda yake so ba, sai a Office 2010 aka sassauta wannan. Haka nan shimfiɗa tana cin wuri a tsaye, alhali takarda a tsaye take, kwamfutocin hannu da yawancinmu muke saye na gwanjo kuwa fuskarsu gajera ce. Wanda ya yi zaune a kujerar yanke shawara a Amurka da babbar fuska a gabansa bai ji wannan matsi ba.

Duniya ma ba ta tsaya a matsaya guda ba. Shimfiɗa ta shiga Paint da WordPad a Windows 7 cikin 2009, ta shiga wurin duba fayiloli a Windows 8 cikin 2012, sa'an nan kamfanin da kansa ya cire ta daga can a Windows 11 cikin 2021. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ake samunta, ta bar tsohon tsari a matsayin na asali, ta kuma ba da irin shimfiɗar ga mai so. A ganinmu wannan ya fi kusa da adalci.

Abin da ya fi damunmu yana gida. A makarantun koyon kwamfuta da yawa, abin da ake koya wa yaro shi ne wuri: danna na uku daga hagu, sauko na biyar. Ba a gaya masa sunan aikin da dalilinsa. Irin wannan ilimi ranar da kamfani ya sake fasali ranar yake mutuwa, kuma mun ga kamfani ba ya shawara da kowa a Kano kafin ya sake. Alhali kuwa akwai abubuwan da suka tsallake juyin 2007 ba su ko girgiza ba. Ctrl da S suna adanawa jiya da yau, Ctrl da Z suna warware kuskure. Wanda ya danna Alt zai ga haruffa sun bayyana a kan kowace rumfa, ya bi su ba tare da ya ɗaga hannu daga madannai ba. Wanda shimfiɗa ta matse shi ya danna Ctrl da F1 ta naɗe.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na masu rubuta Hausa. Tsarin adaka da na shimfiɗa, babu wanda ya ajiye mana haruffanmu masu lanƙwasa a kusa. A duka biyun sai an shiga Insert an nemo Symbol an yi ta lalube. Shi ya sa takardun ofis suke fitowa an rubuta kasa a wurin ƙasa, ba a bambance bari da ɓari. A Word, in aka buga 0199 aka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 ta ba da ɗ. 0253 ta ba da ɓ. A cikin akwatin Symbol ɗin nan kuma ana iya ɗaura wa kowane harafi maɓallinsa na dindindin, aikin minti biyar.

Muna roƙon ƙungiyar ɗalibai ta buga waɗannan lambobi da gajerun hanyoyi a takarda guda, a liƙa a ɗakin kwamfuta, a kuma raba wa shagunan buga takardu na cikin birni kafin lokacin rubuta kundi ya zo.