Injiniyan Da Ya Ba Duniya Dariya



Da wuya a sami wani a zauren nan wanda bai taɓa kallon Mr. Bean ba. Amma mu nan mukan ɗauki mai ban dariya tamkar wanda ya rasa abin yi. To, bari mu duba wannan mutum.

Sunansa na gaskiya Rowan Atkinson. An haife shi a arewacin Ingila cikin 1955. Ya yi karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Newcastle, sa'an nan ya yi digiri na biyu a Oxford. Ga shi kuwa da i'ina tun yana yaro. A can Oxford ɗin ne ya fara ƙirƙiro wannan wawan da ba ya magana sai gunaguni.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi a Montreal ta ƙasar Kanada cikin 1987. Ya nace sai an sa shi gaban masu jin Faransanci, watau don ya gwada ko wasan zai ci ba tare da harshe ba. Wannan ai aikin injiniya ne, ba ya sakin inji sai ya gwada shi! Wasan kuwa ya ci.

An fara nuna Mr. Bean a talabijin ranar 1 ga Janairu, 1990. Kashi 15 kacal aka yi zuwa 1995, finafinai biyu suka biyo baya a 1997 da 2007. Daga Kano har Yamai, ba wanda ya taɓa neman tafinta.