Ciwon Baya da Gwiwa Mai Daɗewa: Kwanciya Ba Ta Maganinsa

  

Maganarmu ta yau a kan ciwon baya ce da ciwon gwiwa, irin wanda yake daɗewa a jiki. Da wuya a sami gida a karkara da babu mai wannan kuka. Wani in ya sunkuya noma, miƙewa sai da dabara. Wata in ta gama daka, sai ta dafe ƙugu. Wani dattijon kuma ba ya iya tashi daga tabarma sai an ba shi hannu. Ma'aikatan lafiya suna kiran ciwo mai daɗewa idan ya wuce wata 3 bai tafi ba.

Ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne suka yi ciwon ƙasan baya a duniya. Ta kuma ce a cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen mutum 9 ba a samun wata muguwar cuta a jikinsu. Wannan albishir ne. Yawancinmu bayanmu bai lalace ba, kulawa yake nema.

Yadda baya yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, ɗaya bisa ɗaya. Guda 5 na wajen ƙugu su ne suka fi ɗaukar nauyi. A tsakaninsu akwai wani abu mai taushi kamar matashi. Tsokar baya da ta ciki da ta cinya su ne suke riƙe da su, kamar yadda igiya take riƙe dirkar rumfa. In igiya ta saki, rumfa za ta karkace. Haka nan in tsoka ta yi rauni, nauyi sai ya koma kan ƙashi da gaɓoɓi.

Da ciwo ya zo, abin da muka saba shi ne mu kwanta. Hutun kwana ɗaya ko biyu ba laifi ba ne. Amma kwanciya ta mako da makonni tana ƙara ciwon. Tsoka tana ramewa, gaɓoɓi suna sandarewa. Kun san ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba, ran da aka zo buɗe shi sai ya yi ta ƙara. Bayan haka tsoro yana shiga zuciya. Mutum ya riƙa gudun motsi, rashin motsin kuma ya ƙara masa ciwo. A watan Disamba na shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan ciwon ƙasan baya mai daɗewa. Motsa jiki yana cikin abubuwan da ta ce a yi. Ɗaura bel a ƙugu kullum yana cikin abubuwan da ta ce a bari.

“Ai noma ma motsa jiki ne”

Na san wani zai ce, “Malam, mu da muke wuni a gona, wane motsa jiki kuma za a koya mana?” Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne manomi ba rago ba ne. Amma ku duba yadda aikin yake. Mai fartanya yana sunkuye tun hantsi har azahar, jikinsa a lanƙwashe gefe guda. Mai daka da mai shara da gajeriyar tsintsiya su ma haka. Wasu tsokoki suna shan wahala fiye da kima, wasu kuma ba a taɓa su ba. Motsa jikin da muke nufi shi ne wanda zai warware inda ya ɗaure, ya ƙarfafa inda ya yi rauni.

Akwai kuma wani abu. Da rani da yawa daga cikinmu aiki yana raguwa, zaman dandali ya yi yawa. Ruwan farko na sauka, sai mu faɗa gona da ƙarfinmu duka: shuka, noman firi, maimai, huɗa. Jikin da ya yi watanni yana hutu ba zai ji daɗin wannan ba. Mai shanun huɗa ba ya jira sai ranar huɗa sannan ya ɗaura musu garma. Tun kafin damina yake ciyar da su, yana fita da su. Jikinmu ma haka yake so. A fara shirya shi tun da bazara.

Motsa jiki iri shida

Babu wanda yake buƙatar kuɗi a cikinsu. Tabarma da ɗan fili sun isa. Mata za su iya yi a cikin ɗaki ko tsakar gida.

Na ɗaya, tafiya a ƙasa. A fara da minti 10 da sanyin safiya ko da yamma, ba tare da kaya a ka ba. Kowane mako a ƙara kaɗan, har a kai minti 30, kwana 5 a mako. Wannan ya zama minti 150 ke nan, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babban mutum ya yi a mako. A shekarar 2024 an bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Ostareliya da mutane 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka koya wa tafiya a kai a kai sun yi wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo. Sauran kuwa wajen kwana 112 suka yi.

Na biyu, ka kwanta rigingine. Ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu. Ka ƙirga 10, ka saki, ka koma ɗayar. Sau 5 kowace ƙafa.

Na uku, kana rigingine ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ka ɗaga ƙugu sama a hankali, ka ƙirga 5, ka sauke. Sau 10. Wannan yana ƙarfafa tsokar da take riƙe ƙugu.

Na huɗu, ka durƙusa, hannuwa a ƙasa kamar mai rarrafe. Ka ɗaga tsakiyar baya sama yadda kyanwa take miƙa, sannan ka sauke shi sannu a hankali. Sau 10.

Na biyar, na gona ne. Duk bayan kunya biyu ko uku, ka miƙe tsaye. Ka dafe ƙugu da hannu biyu, ka ɗan karkata baya, sau 5. Mai daka da mai wanki su ma su riƙa yin haka. Minti ɗaya ne, ba zai hana aiki ƙarewa ba.

Na shida, na gwiwa ne. Ka zauna a kan benci. Ka tashi tsaye ba tare da dafa komai ba, ka koma ka zauna a hankali. Sau 10. In bai yiwu ba, ka fara da dafawa. Cinya in ta yi ƙarfi, gwiwa tana samun sauƙi.

To, in ana yi ana jin zafi fa? Ɗan zafi kaɗan ba ya nufin wani abu ya lalace. In ya lafa kafin gobe, a ci gaba. In gari ya waye ciwon ya fi na jiya, a rage yawan, amma kada a daina. In kuwa zafi ne mai tsanani da yake sauka cikin ƙafa, a dakata a ga ma'aikacin lafiya. Mace mai ciki ta fara tambaya a wajen awo. Kada a sa ran sauƙi a kwana uku. A ba shi mako 6 zuwa 8. Sannu ba ta hana zuwa.

Halayen da ke taimakawa

Ɗaukar kaya. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne. Gara a yi sawu biyu da rabin kaya da a yi sawu ɗaya a kwanta mako guda. In za ka ɗaga buhu, ka matso kusa da shi, ka lanƙwasa gwiwa, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Neman taimako ba abin kunya ba ne. Inda akwai jaki ko baro ko amalanke, a bar musu aikin. A sa wa tsintsiya dogon mariƙi. Kada a ɗora wa yara kayan manya.

Ƙiba. Ga mai ƙiba, duk kilo 1 da ya rage yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku. A rage sukari da lemon kwalba da yawan maiƙo. A ƙara wake, zogale, rama, kuɓewa da 'ya'yan itatuwa.

Barci da kwanciyar hankali. Wanda bai yi barci sosai ba, ciwo ya fi damunsa washegari. Damuwa ma haka take yi. Mai ciwo kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya fita cikin jama'a, ya ci gaba da aikin da zai iya. Mutanen gida kuma su ƙarfafa masa gwiwa, kada su mai da shi majinyacin dindindin.

Taba. Masu shan taba sun fi yawan ciwon baya, kuma sun fi jinkirin warkewa.

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana sassauta tsoka. Amma a guji tsaga da askar da aka yi wa wani amfani da ita, domin tana iya ɗauko ciwon hanta da wasu cututtuka.

Hattara da ƙwayoyi

A ranar kasuwa za ku ga masu tallar magani suna ƙulla ƙwayoyi kala-kala a leda, suna cewa maganin gajiya ne. Ba ka san abin da ke ciki ba. Magunguna irin su Ibuprofen da Diclofenac suna rage zafi, amma shansu kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda. Tiramol kuwa, wadda wasu matasa suke sha don su yi aikin ƙarfi, tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, kuma yawanta yana sa farfaɗiya. Tana ɓoye ciwo ne kawai, mutum ya yi ta aikin da ya fi ƙarfinsa. Magani sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta, na 'yan kwanaki.

Lokacin da za a garzaya asibiti

Akwai ciwon bayan da motsa jiki ba ya yi masa. Ku riƙe waɗannan alamomi:

In fitsari ko bayan gida ya riƙa zuwa ba a sani ba, ko fitsari ya ƙi fita.
In tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa ta rasa ƙarfi.
In ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga bishiya ko haɗarin babur.
In akwai zazzaɓi, rama, gumin dare ko tari mai daɗewa. Tarin fuka yana iya kama ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.
In gwiwa ta kumbura ta ɗauki zafi.
In mai ciwon yaro ne, ko mai amosanin jini.

Alamomi biyu na farko ba sa jiran gobe. A tafi a ranar. Manyan asibitoci suna da sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa mutum motsa jikin da ya dace da shi. Ana tura masu matsala babba zuwa asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Jama'a, abin da nake roƙo shi ne kowa ya zaɓi biyu daga cikin shidan nan, ya fara gobe da safe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu, ya nuna musu yadda ake yi. Maƙwabta su haɗu su riƙa tafiyar yamma tare, domin abin da ake yi cikin jama'a ya fi ɗorewa. Lafiya uwar jiki ce, kuma da ita ake noma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.