Abin da Muka Gani a Ƙauyukan Maguzawa

Jama'ar Sabo! Mu da muke zuwa Arewa sarin hatsi mun ga abin da ya kamata ku ji. A ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, 'yan mishan kan tara mutane a gindin bishiya bayan an taso daga gona, su karanta musu Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tun 1932 aka buga shi, da hannun Likita Mila na Wusasa a fassarar. Har magani suke kai musu. Ba zaginsu muka zo yi ba, wallahi suna da haƙuri. Amma malamin da ƙungiyarmu ta tura can ya dawo, don mun kasa ciyar da shi. Ga ma'aji nan zaune da littafinsa.