Idan Yaro Ya Riƙe Kai Yana Kuka

Jawabi ga taron iyaye da dattawan ikkilisiyoyin yankin Funtuwa da Malumfashi

 

Karatunmu yana cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, labarin matar nan ta Shunem. Ɗanta tilo, wanda ta samu bayan ta fid da rai, ya bi mahaifinsa gona lokacin girbi, sai ya kama kuka da ciwon kai. Uban bai bar aiki ba, ya sa bara ya kai shi wurin uwarsa. Yana bisa cinyarta har tsakar rana, ya cika. Da ta nemi jaki za ta wurin Elisha, maigidan ya tambayi dalilin tafiya a ranar da ba ta sujada ba. Iyaye maza, mun san wannan murya, domin tamu ce. Mu ne masu cewa a bari sai an ci kasuwa.

Nassi bai faɗi sunan ciwon ba. Amma ku lura, daga safe zuwa tsakar rana ne kawai. A ƙasarmu akwai ciwon kan da ke da irin wannan sauri, wato sanƙarau. Yakan zo ne daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura da zafi. A 1996 ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu. A 2017 ya sake ɓarkewa, Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fi shan wuya. Idan ciwon kai ya zo da zazzaɓi, wuya ya sandare har yaro ba ya iya kai haɓa ƙirji, ko yana jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya gane mutane, ko maɗigar jariri ta kumbura, to, ba a kwana. A yi addu'a a kan babur. Da damina kuma zazzaɓin cizon sauro yakan hau kai da alamu masu kama da waɗannan. Idan likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, kada ku hana, da shi ake gane ciwon. Akwai rigakafi kuma: a 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara ba da sabuwar allurar da ke kare yaro daga irin sanƙarau biyar.

Yanzu ga ɗaya ciwon, wanda na fi so mu daɗe a kansa. Wata 'yar'uwa a cikinmu, 'yarta mai shekara 12 ta dawo daga makaranta a watan Maris tana riƙe da kai, tana amai, ba ta son ganin haske. Uwar ba ta jira kowa ba, ta kira ɗan acaɓa sai asibiti. Aka auna, babu zazzaɓi, wuya lafiya. Likita ya ce ciwon ɓarin kai ne. Yarinya ta yi barci, ta tashi garau. Waɗansu suka ce an yi asarar kuɗin magani. Ni na ce ta yi daidai, gobe ma ta sake.

Wahalar ta zo ne daga baya. Ciwon ya riƙa dawowa, wani wata sau biyu, wani sau uku. Duk dawowarsa gaban uwar ya faɗi kamar ranar farko. Nan fa masu shawara suka yi yawa. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a duba dangin miji. Buhun masara biyu suka tafi wajen neman taimako. 'Yan'uwa, ciwon ɓarin kai ciwo ne sananne. Yana bin jini, sau da yawa za ka tarar uwa ko kaka tana da shi. Ga yara yakan kama goshi duka, ba lallai ɓari ɗaya ba, ya yi 'yan sa'o'i ko kwana biyu, yaro ya ƙi haske da ƙara, barci ya kawo sauƙi. Tsakanin tashi da tashi yaron lafiyarsa lau. 'Yan mata sun fi fama da shi bayan sun balaga.

Abin da ya taimaki wannan gida littafin rubutu ne na makaranta. Duk ranar da ciwon ya tashi, uwar ta rubuta abin da yarinya ta ci, yaushe ta kwanta, ina ta wuni. Bayan wata uku sai ga shi a fili: ranakun da ta fita ba kalaci, ranakun da ta wuni a rana ba ruwa, da washegarin addu'ar dare. Wannan na ƙarshe mu ya shafa. Yaro mai wannan ciwo, kada a sa shi azumi, kada a zaunar da shi kusa da lasifika har asuba. Idan dattawa sun je yi masa addu'a, su yi ta a hankali a bakin ƙofa, su bar shi cikin duhu ya yi barci.

Farasitamol a kan awon da likita ya faɗa, da zarar ciwon ya fara, ya fi haɗin ƙwayoyin kemis. Kada a ba yara asfirin. Shan maganin ciwon kai kusan kullum shi kansa yana jawo ciwon kai. Idan kuma ciwon ya sake hali, yana tada yaro da asuba da amai, ko yana ƙaruwa mako bayan mako, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ido ya juye, a koma asibiti, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ko na Katsina.

Na san hanyoyinmu da dare ba kamar da ba ne, tsoron 'yan bindiga ya sa uwa takan zauna da yaro a cinya tana jiran gari ya waye. Saboda haka ciwon da ya fara da rana kada a bar shi ya kai magariba. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta ware ɗan kuɗin gaggawa a hannun ma'aji, ta kuma san mutum biyu masu abin hawa da za a buga wa ƙofa. Sakatare zai karɓi sunayensu kafin mu watse.

Bari mu yi addu'a.