Taimin Bel: Kar Ka Sayi Bel Shi Kaɗai

 Yau daga gida nake magana, nan Zauro, kuma zancen mota za mu yi. Na san da yawanmu yanzu mun koma kallon bidiyo a waya muna gyara abinmu da kanmu, saboda kuɗin gareji ya fi ƙarfin aljihu. To ni ma na gwada, kuma na sha wuya. Shi ya sa nake son ku ji kafin ku kwance inji.

Motar gidanmu Honda Accord ce, wadda ake ce wa Baby Boy, mai silinda huɗu. Da ita Baba ke zuwa fadama, da ita ake kai mara lafiya asibiti Birnin Kebbi. Bara na ce ni zan canza mata taimin bel. Na shiga shagon kayan mota, aka ajiye mini bel iri biyu, na ɗauki mai arha. Mai shago ya ce in haɗa da tenshina, na ce tsohuwar da sauranta. Wata biyu ba a cika ba, muna hanyar Argungu, motar ta mutu tsit. Boris ɗin tenshinar ne ya ci, bel ya tsallake haƙora, fistin ya daki bawul. Da bakanike ya buɗe kan injin sai ya dube ni ya ce, "Ɗan Alhaji, garin neman ƙiba ka samo rama." Kuɗin shanshera buhu shida ya tafi a gyaran nan. Baba bai ce mini komai ba, wallahi shirun ya fi faɗa ciwo.

To mene ne aikin bel ɗin nan? Shi ke haɗa juyin ƙasan inji da na sama, ƙasa ya juya sau biyu, sama sau ɗaya, don bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. A wasu injuna, irin na Baby Boy da Peugeot 406, in bel ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. A Camry mai inji 2.2, wato 5S-FE, mota dai za ta tsaya amma yawanci injin ba ya lalacewa. Kun ga bambancin ba ƙarami ba ne.

Abu na farko, ka tabbatar motarka bel gare ta ko sarƙa. Corolla ta 2003 zuwa sama mai injin 1ZZ sarƙa ce. Big Daddy mai silinda huɗu sarƙa ce, haka EOD mai silinda huɗu. Amma masu silinda shida ɗinsu, bel ne. Kar ka je neman abin da motarka ba ta da shi.

Na biyu, kar ka sayi kaya da sunan laƙabin mota. "Ba ni na Baby Boy" ba bayani ba ne. Je ka da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, kuma ka duba lambar da aka buga a jikin injin. Dalili kuwa, motocinmu da yawa an taɓa sauke musu inji an ɗora na Beljiyam, takarda na faɗin wani abu, abin da ke cikin bonet daban. In ka cire tsohon bel, tafi da shi. Ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, gwada faɗinsa, dubi siffar haƙorin, don akwai mai zagaye akwai mai kusurwa. Haƙori ɗaya ya bambanta, ba naka ba ne.

Na uku, nan ne na fāɗi. Saiti ake saye, ba bel kawai ba. Bel, tenshina, fulin da bel ke bi ta kansa in injinka na da shi, da sil na sama da na ƙasa, don baƙin mai in ya zuba kan bel cinye robar yake yi. In taimin bel ne ke juya famfon ruwa, kamar a Baby Boy da 406 da Camry 2.2, canza shi lokaci guda, tunda hanyar kwancewa ɗaya ce. A Golf 3 mai inji 1.8 kuwa, bel na waje ne ke juya famfon, ba dole sai ranar ba. Masu Baby Boy ku tuna akwai ƙaramin bel na biyu a ciki, na balansa. Shi ma in ya tsinke yana iya faɗawa cikin babban.

Na huɗu, jabu. Sunaye irin su Gates, Continental, Dayco da Mitsuboshi sanannu ne wajen bel, Aisin wajen famfon ruwa, Koyo da NTN wajen boris. Amma suna a kwali ba hujja ba ne, masu jabu ma sun iya buga kwali. Dubi rubutun bayan bel, ya fito tsaf kuma lambarsa ta dace da ta kwalin. Juya boris da hannu, in yana ƙara ko lilo, ajiye shi. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, ka tambayi kanka dalili. Kuma don Allah kar ka sayi bel na Beljiyam. Ƙarfe na iya zama tsoho mai kyau, roba kuwa shekaru ke cin ta ko ba a yi aiki da ita ba. In babu mai kyau a Birnin Kebbi, gara ka jira a kawo maka daga Sakkwato ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Yaushe ake canzawa? Littafin motarka ne alƙali. Honda ta ce mil 105,000 ko shekara 7 ga wannan Accord ɗin, amma inda zafi ke wuce digiri 43 a kai a kai, ta ce mil 60,000. Wanda ya san watan Afrilu a Kabi ya san layin da muke. In ka sayi mota ba ka san tarihinta ba, ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Ranar aiki, kar ka lanƙwasa sabon bel da ƙarfi, zaren cikinsa karyewa yake yi. Daidaita alamomin taimin kafin ka cire tsohon, ka ɗauki hoto. Bayan ka ɗaura, juya injin da hannu zagaye biyu, ka sake duba alamomin kafin ka taɓa makulli. Injin Baby Boy mai silinda huɗu hagu yake juyawa, saɓanin yawancin motoci, kar ka manta. In wannan ne karonka na farko, kira bakanike ya tsaya kanka, ka biya shi na tsayuwa. Ni da na yi haka, da shinkafar Baba na nan cikin rumbu.

Wanda ke da tambaya kan motarsa, ya faɗa mana irin injin da shekararta, za mu taɓa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.